Gwaggo Ba Ta Ce Da Sauƙi Ba

Jiya na je duba wani ɗan cocinmu a Batsari, wanda likitoci suka ce sai addu'a. Na ce masa, "Za ka tashi." Sai kunya ta rufe ni, don na tuna Gwaggo, yayar babana.

Da ciwon daji ya kwantar da ita a Yasore, ɗakin duk warin man zafi, na tambaye ta jiki. Kowa "da sauƙi" yake amsawa. Ita kuwa ta ce, "Babu sauƙi, ɗana, gida za ni. Karanta mini Zabura, ka kirawo maƙwabciyata mu yafi juna tun bakina na motsi."

Ubangiji ya hutar da ita. Ni kuma ya ba ni ƙarfin komawa wurin mutumin nan da gaskiya.