Ƙwayoyin ƙiba da na aika wa ƙanwata

Likita ta daɗe tana duban takardar analiz, wato gwajin jinina. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Hajiya, wane magani kike sha?"

Na ce babu.

"Har da na ƙiba?"

Sai na sunkuyar da kai. Ni ban taɓa ɗaukar su a matsayin magani ba. 'Yan ƙwayoyin nan ne na masu talla a tire. Tun haihuwata ta biyu nake sha, lokacin da Inna ta zo daga Tibiri ta ce na rame, mutane za su ce mijina ba ya ciyar da ni.

Likita ta ce, "Sukarinki ya hau, tansiyo ya hau, wato hawan jini, ga kitse a jini. Wannan jikin da ake yaba miki a wurin biki, ciwo ne yake kumbura shi."

Nan take na tuna Yaya Hadiza. Ita ma haka ake cewa ta murje, har ranar da ta faɗi a tsakar gida. Ba ta sake magana ba.

Abin da ya fi tsorata ni: makon jiya na aika wa ƙanwata Rabi irinsu a Jiratawa, tana jego. Da hannuna na ƙulle su cikin kayan barka.

Tun a kan kabu-kabu, babur ɗin hayar da na hau zuwa gida, nake kiranta, waya a kashe.

'Yan uwa mata, ku gaya mini gaskiya, wa ke da su a jaka yanzu haka?