Gwaggo Mai Tafireta da Turancin Baka

Shekara talatin da ɗaya Gwaggona ta yi tana buga tafireta a ofishin ruwa, a wani ɗaki mai taga ɗaya da ke ƙarshen baranda, kusa da inda ake jibge tsofaffin fayil. Ƙanwar babana ce, doguwa, ba ta da yawan magana, kuma gwiwarta ta hagu ta daɗe tana ba ta wahala. Su huɗu ne a ɗakin lokacin da ta fara aiki, a hankali aka yi ta ragewa har ya zama saura ita kaɗai, da ita da kwamfutar da aka kawo daga baya. A unguwa Mai Tafireta ake ce mata, har yaran da ba su taɓa ganin tafireta da idonsu ba.

Idan ana maganar Turanci a danginmu, sunanta ake fara kira. Manyan ofis su rubuto wasiƙa da hannu, ita ce za ta daidaita musu ita, ta sa waƙafi inda ya dace, ta sa aya inda magana ta ƙare, su kuma su sa hannu suna hura hanci. Ta san yadda ake buɗe wasiƙa da "an umarce ni in sanar da kai", ta san yadda ake rufe ta. Abin da ba mu taɓa lura da shi ba, har ita kanta, shi ne duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa zama ta yi hirar minti biyar da Turanci ba. A ofis da Hausa ake gaisawa, da Hausa ake faɗa, da Hausa ake shiryawa. Turanci kayan takarda ne.

Bayan ta ajiye aiki da shekara biyu, ni kuma an mayar da ni asibitin da ke kusa da gidanta, sai na tare a ɗakin 'yarta da ta yi aure. Na same ta zaman gida ya ishe ta. Ta share tsakar gida sau uku kafin rana ta yi tsaka. Mijin 'yar tata ne ya zo da labarin wata malamar jami'a, wadda kowa ke kira Dakta, da ke neman wanda zai buga mata wasu maganganu da ta naɗo a ƙasar waje. Hirar Turawa ce zalla, a gidajensu da shagunansu da tashar mota, da yardarsu aka naɗa.

Dakta ta zo da kanta. Ƙarama ce, ba ta kai 'yar Gwaggo ba, ga sauri kamar ana korarta. Ta ajiye kwamfuta a kan teburin cin abinci, da abin sawa a kunne, da wani abin takawa kamar fedar keken ɗinki: ka taka magana ta tafi, ka ɗaga ƙafa ta tsaya.

"Mama, abin da kika ji shi za ki buga, shi ke nan," in ji ta, tana duba agogo.

Gwaggo ta ce, "Ai ba yau na fara ba, 'yar nan."

Washegari da na dawo daga aiki, na tarar da ita zaune, abin kunne a wuya, shafin kwamfuta fari fat.

"Zo ki ji," ta ce. "Abin nan ya lalace. Yana cinye magana."

Na saurara. Mata biyu ne, ana jin ƙarar cokali a kofi. Ɗaya ta fara cewa jiya ta je wajen, sai ta bar shi nan, ta ce kin dai sani, ɗayar ta ce "mm", ta farkon ta sake ɗauko wata maganar daga tsakiya, kafin ta kai ko'ina ɗayar ta hau kan maganarta, suka yi dariya tare.

"Wajen wa ta je?" Gwaggo ta tambaye ni. "Ta ce kin dai sani. Ni ban sani ba. Ke kin sani?"

Ban sani ba. Da safe ta naɗe kayan a zani ta kai wa mai gyaran rediyo na bakin titi. Ya sa a kunne, ya taka fedar da hannu, ya daɗe yana gyaɗa kai kamar yana fahimta, sannan ya ce, "Mama, na'ura lafiyarta ƙalau. Mutanen ne haka."

Ta dawo ta yi shawara da kanta. A ganinta waɗannan mata ba su yi makaranta mai zurfi ba, kuma ba daidai ba ne a kai maganarsu jami'a a haka, a tona musu asiri. Saboda haka ta yi musu abin da ta saba yi wa manyan ofis. Ta cire duk wani "am" da "e'e", ta ƙarasa jimlar da aka bari a hanya, wanda ya katse wani ta sa shi ya jira a gama. Inda ba a faɗi wajen wa aka je ba, ta sa wajen likita, don matar ta yi tari sau biyu. Mako uku tana wannan aiki, shafi arba'in da shida, ba kuskure ko ɗaya.

Dakta ta karanta shafin farko a tsaye. Ta zauna ta karanta na biyu. Sai ta rufe fuska da takardar, kafaɗunta suna rawa.

"Mama, ki yi haƙuri," ta ce da ta samu numfashi. "Dattin nake bincike a kai, ke kuma kin wanke mini shi tas."

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Dakta ta jawo kujera ta yi mata bayani a hankali. Ta ce magana daban, rubutu daban. Ta ce wannan "mm" ɗin aiki yake yi, yana gaya wa mai magana ci gaba, ina tare da ke. Ta ce shirun ma tana so, a ƙidaya sakan nawa ya yi a rubuta. Ta ba ta wata takarda mai alamomi: ta dariya, ta kuka, ta jan numfashi, ta inda baki biyu suka haɗu.

"To su waɗannan, malamai ne ko kuwa?" Gwaggo ta tambaya.

"Ɗayar alƙaliya ce, Mama."

Ranar Gwaggo ba ta ƙara taɓa kwamfutar ba.

Amma ta koma, don ba ta iya barin aiki a rabi. Kullum na dawo da yamma akwai tambaya tana jirana, kamar ni na haifi Turawa.

"Mutum ya ce wa ɗan'uwansa yaya kake, shi kuma ya amsa masa da yaya kake. To wa ya ji lafiyar wa? Kowa ya wuce da tambayarsa a hannu."

Wata rana kuma: "An taka wa mutum ƙafa a cikin bas, shi wanda aka taka ɗin ne ya ce sori, shi ne mai ba da haƙuri. Na mayar baya sau biyar. Shi ne. Me ya yi?"

Ta buɗe wani ƙaramin littafi tana rubuta dokokin da ta gano. Idan suka ce abu ba laifi, to ya yi kyau ƙwarai. Idan suka ce abu yana da ban sha'awa, suka ja kalmar, to bai yi musu ba. Idan maigidan shago ya ce wa ma'aikacinsa ko za ka so ka rufe ƙofar nan, ba ra'ayinsa ake nema ba. Idan aka ce lallai ki zo mana wata rana, ba a sa rana ba, kada ki sa takalmi. A cikin hira goma sha ɗaya, tara da zancen ruwan sama aka buɗe su, alhali duk su biyun suna tsaye a cikin ruwan. Sallama kuwa ta fi komai ɗaure mata kai. Wani mutum ya ce "to", ya ce "shi ke nan dai", ya ce "bari in bar ka", har sau shida, kuma bai tafi ba sai bayan minti huɗu.

"Wa ke gaya wa ɗayan cewa yanzu layinsa ne?" ta tambaye ni. "Ba aya, ba waƙafi. Amma da wannan ya sauke murya, wancan ya ɗauka, ko rabin sakan ba a yi. Na ƙidaya."

Na ce, "Gwaggo, mu ma ai haka muke yi."

Ta dube ni sheƙeƙe. "Mu muna ƙarasa magana."

"Jiya kika ce mini, miƙo mini wannan, na kan, ke dai kin gane. Kuma na miƙo miki."

Kwana biyu bayan nan maƙwabciyarmu ta shigo hira, na ga Gwaggo tana kallon bakinta tana motsa yatsu a kan cinya. Da matar ta fita ta ce, "Ta faɗi kalmar 'wato' sau goma sha tara." Ba da jin daɗi ta faɗa ba. Kamar wadda ta gano ɗigar ruwa a ɗakin da ta ɗauka lafiya yake.

A wata na bakwai malamin Dakta ya zo ziyara, wani dattijon Bature mai farin gemu, ya ce yana son ganin mai buga musu aiki. Gwaggo ta kwana biyu tana bitar littafinta. Na raka ta ofishin Dakta, hawa na biyu, ta hau matakala tana dafa bango.

Baturen ya miƙe ya ce mata yaya kike. Gwaggo ta mayar masa da yaya kake, daidai yadda doka ta ce, ta nemi kujera. Sai ya tsaya yana kallonta, ya nuna gwiwarta, ya ce a'a, da gaske yake tambaya, ya ga tana ɗingishi. Ta ce ba laifi. Ya ce madalla, ya yi murna. Gwiwar kuwa ranar kamar ana soka mata allura.

Daga nan ya ɗauko shafuka arba'in da shidan nan na farko, waɗanda ta wanke, ashe Dakta ta aika masa. Ya ce aikin yana da ban sha'awa ƙwarai, ya ja kalmar. Na ga fuskar Gwaggo ta canza. Ta miƙe tsaye, da Turancinta na wasiƙa, ta ce tana mai baƙin cikin kuskuren da ya auku, kuma tana tabbatar masa ba za a sake ba. Baturen ya dubi Dakta, Dakta ta dubi Gwaggo.

"Mama, yabonki yake yi. So yake ya koyar da ɗalibansa da shi, a ajiye naki kusa da na asali su ga bambanci."

"Ya ja kalmar," in ji Gwaggo da Hausa, ƙasa-ƙasa.

"E, amma wannan jan na gaske ne."

"Ta yaya ake gane na gasken?"

Dakta ta ce, "Ana dai ji."

Da za mu tafi ya ce lallai wata rana su sha shayi tare kafin ya koma. Gwaggo ta yi murmushi ta ce lallai kuwa, muka sauko. Ranar Alhamis Dakta ta bugo mini waya ta ce dattijon yana zaune tun ƙarfe huɗu da kofi biyu a gabansa, ina Mama? Gwaggo tana tsakar gida da tsintsiya a hannu. Ta shiga ɗaki, ta ɗauko littafin dokokin, ta duba shafin, ta duba ni.

"Bai sa rana ba," ta ce.

Na ce, "Wai ya ce Alhamis, lokacin muna bakin ƙofa."

"Cewa ya yi ko Alhamis, wataƙila, idan babu damuwa. Wannan sa rana ce?"

Ba ta ƙara rubuta komai a littafin ba, amma ta ci gaba da aikin har shekara biyu, hira ɗari biyu da 'yan kai. Dakta ta ce ba ta taɓa samun mai kunne irin nata ba, tana jin jan numfashin da na'ura ma da ƙyar ta kama. Sai kunnen dama ya fara yi mata ƙara, likita ya ce ta rabu da abin sawa a kunne.

Hirar ƙarshe da ta buga ta wani tsoho ce da 'yarsa a kicin. Minti ashirin suna zancen butar shayi da ta daina aiki, ko a gyara ko a sayi sabuwa. 'Yar ta ce a can ai akwai buta a kowane ɗaki. Ba a faɗi ina ne can ba. Tsohon ya yi shiru sakan goma sha huɗu, sannan ya ce ba laifi, ya yi wani sauti gajere.

Gwaggo ta kira ni. "Wannan dariya ce ko kuka?"

Na saurara sau uku na ce dariya ce. Ta ce in sake. Na sake, na ce kamar kuka. Ta taka fedar ta mayar baya, ta yi ta mayarwa har shayinta ya huce. A takardar Dakta akwai alamar dariya, akwai alamar kuka, babu ta uku. Daga ƙarshe ta bar gurbin babu komai, ta buga shafin, ta ɗauki fensir ta rubuta a gefe da Hausa: "Dakta, a nan ban gane ba."

Dakta ta saurara a gabanmu, ta cire abin kunnen, ta ce ita ma ba ta gane ba, kuma tsohon ya rasu bara. A haka shafin ya shiga bincikenta, da gurbinsa.