Ranar da Aka Gwada Kunnen Ƙanena

Jiya jikata ta saki murfin langa a kan siminti, kowa a tsakar gida ya zabura, har kaji. Ni kuwa sai na tsaya da tsintsiya a hannu, don ƙarar ta mayar da ni gidanmu na Dukawuya, inda muke da yaron da ko langa goma ka zubar a bayansa ba zai waiwayo ba. Ƙanena ne, mai bi mini.

Sanƙarau ne ya kama shi wata bazara, bai daɗe da yaye ba. Ya tashi, amma kunnen ya tafi, sai unguwa ta sa masa bebe. Kaka, mahaifiyar Baba, ta ɗauke shi ya koma ɗakinta, ɗakin nan mai ƙamshin daddawa da turaren wuta. Su biyu suna da yarensu. In ta shafa haɓa, Baba take nufi. In ta dungure shi da gwiwa, to ya juya, ana nemansa.

Shekarar da soja suka koma bariki farar hula suka hau, ko'ina zancen boko ake, sai Baba ya sa shi firamare. Kullum ya dawo da shatin bulala a bayansa. Malami ya kira, bai amsa ba, a ce taurin kai. Hedimasta ne ya lura, ya tako har gida ya ce wa Baba akwai makarantar kwana ta kurame a bayan ganuwa, amma sai an gwada yaro an tabbatar. In gwaji ya ce yana ji, to ajinsa zai koma.

Kaka ta ji kalma biyu ta riƙe: gwaji, da makarantar kwana.

Da damina masu gwajin suka zo, su uku, an yi ruwa da asuba, soro duk ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ni allo kawai na yi, amma kunnena ba ya zubar da magana, har yau ina riƙe da yadda hedimasta ya gabatar da su. Wannan ita ce mai gwajin ji, aikinta ta gano iyakar abin da kunne ke kamawa. Wannan Hajiya daga ofishin walwala take, ita ce tsakanin gida da makaranta, ita ke jin kukan iyaye. Na ukun, wani dogo mai farar babbar riga, malamin maganar hannu ne. Ya yi murmushi ya dafa ƙirji, bai ce uffan ba. Muka ɗauka miskilanci ne.

Kaka ta zauna a tabarma ta jingina yaron da ƙafafunta, ta baza mayafi. Mai gwaji ta zagaya baya ta kaɗa 'yar ƙararrawa. Ya waiwaya! Ta tafa, ya waiwaya. Ta yi raɗa can ƙasa-ƙasa, wadda ni ma da kyar na ji, ya waiwaya.

"Ikon Allah," in ji ta. "Ai yaron nan ya fi ni ji."

"Ai na faɗa muku," in ji Kaka. "A gidan nan ba a faɗuwa jarrabawa."

Na dubi Baba, fuskarsa ta yi nauyi. Ya san uwarsa, kuma ya san gobe bulala za ta ci gaba, amma wa zai ƙaryata mahaifiyarsa a gaban baƙi?

Sai dogon malamin nan ya tuntsire da wata irin dariya mai fita ta maƙogwaro, irin ta ƙanena sak. Ya durƙusa gaban Kaka, ya nuna gwiwarta, ya dunguri iska da tasa gwiwar. Ashe shi ma kurma ne, mu muna sauraron ƙararrawa, shi yana kallon mayafi. Ya juya ga yaron ya motsa hannu a hankali, ya nuna bayansa, ya kwaikwayi bulala, ya ɗaga gira. Ƙanena ya ƙura masa ido. Can sai hannayensa suka ɓalle, yana nuna malami, yana nuna allo, yana nuna kansa, hawaye na zuba. Ban taɓa sanin yana da magana mai yawa haka a cikinsa ba.

Hajiyar ofis ta matsa kusa da Kaka ta yi ƙasa da murya. "Inna, wannan ba jarrabawar ci ko faɗuwa ba ce. Kuma ba ƙwace shi za mu yi ba, duk hutu yana ɗakinki."

Kaka ba ta dube ta ba, malamin take kallo. "Shi wannan, yana da iyali?"

"Da mata da 'ya'ya, Inna. Albashinsa ma ya fi nawa."

Sai Kaka ta janye ƙafafunta ta naɗe su gefe, ta dubi mai gwaji ta ce, "To, sake kaɗa abin naki."

Aka kaɗa. Bai waiwayo ba. Mai gwaji ta ce kada mu ƙara ce masa bebe, harshensa lafiya lau, kunnen ne kawai. Haka aka ɗauke shi a makarantar kuramen.

Yanzu ina ji a rediyo ana cewa masu buƙata ta musamman, mai lalurar ji, sunaye masu daɗi da Kaka ba ta riski zamaninsu ba. Ƙanen nawa ya yi furfura, tela ne a wajen Ƙofar Wambai, yana kiran abokansa a waya ta bidiyo su yi ta gulma da hannu, ni ce ma bare a cikinsu. Sai dai har gobe in na ji maƙwabta na yi wa yaro tsawa wai ba ya jin magana, sai na yafa mayafi na leƙa, na ce a fara kai shi a duba kunnen tukuna, bulalar ba guduwa za ta yi ba.