Ranar da Aka Hana Kaskon Inna Shiga Mota

Ko zan manta da komai a duniya, ranar da aka kai ni asibitin Birnin Kudu da jaririyata ba za ta fita daga raina ba. A shekarun da kuɗin mai suka fara yawo ne, yayana mai aikin gwamnati ya sayo sabuwar mota mai na'urar sanyi, irinta ta farko a unguwarmu a Gwaram. Yaya kuwa akwai son a sani. Duk wanda ya ɗauka sai ya rufe gilasai ya sakar masa sanyi, yana satar kallonsa yana jiran yabo.

Cikin damina na haifi bakwaini, 'yar mitsitsiya. Kwana biyu ana ruwa, a safiya ta uku ta daina kama nono, jikinta ya yi sanyi ƙalau, ko kuka ta kasa. Ungozoma ta ce a yi maza asibiti, amma kada a bari sanyi ya ƙara taɓa ta. Aka aika wa Yaya.

Sai ga Inna, mahaifiyarmu, ta nufo mota riƙe da kaskon garwashi. A saninta, mai jego da bakwaini ba sa rabuwa da wuta.

"Haba Inna, wuta a mota? Akwai fetur fa!" in ji Yaya.

"To motar taka me ta iya in ban da hura sanyi? Kashe mini jika za ka yi?"

Ni dai ina kujerar baya, na manna yarinyar a ƙirji cikin zannuwa uku, hawaye kawai nake yi. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Yaya ya tsaya ruwa na dukansa, can sai ya dafe kai. Ya ce ranar da ya sayi motar an nuna masa wani maɓalli mai jan gefe, aka ce wannan na mutanen ƙasar ƙanƙara ne, mu ba ruwanmu da shi. Wata shida ko taɓa shi bai yi ba.

Da ƙyar Inna ta ajiye kaskon a zaure ta shigo. Ya tayar da mota ya murɗa maɓallin, sai iska mai sanyi ta fara fitowa. Inna ta saki salati ta kai hannu ƙofa.

"Ki yi haƙuri Inna, sun ce sai inji ya ɗauki zafi."

Muna fita gari na ji ɗumi na hawa ƙafafuna. Inna ta tara tafin hannu a inda iskar ke fitowa, sannan ta ce, "Ɗan nan, ashe akwai murhu a ciki ka ɓoye?"

Haka muka tafi, Yaya na zuba gumi cikin babbar riga yana goge gilashi da hularsa, bai ko rage zafin ba. Muna dab da Birnin Kudu yarinyar ta motsa a ƙirjina, ta saki wani siririn kuka. Inna ta fashe da nata, ni ma haka. Yaya bai juyo ba, amma na ga kafaɗunsa na rawa.

Yarinyar nan yau ita ma kaka ce, kuma in na shiga motarta sai na yi faɗa kafin ta rage sanyi. Inna da Yaya duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya ji ƙansu. Tun daga ranar ban ƙara kiran wani abu ko wani mutum marar amfani ba. Komai da ranarsa, domin abin da aka ce ba ruwanmu da shi, shi Allah Ya sa ya raya mini 'yata.