Sunan da Aka Hana Rijiya

Tun da idona ya fara rauni, 'yata Binta ta zuba mini littattafai a waya, irin waɗanda ake karanta wa mutum ya saurara. Ina ɗinki ina ji. Labaran masu nauyi ne, sukan bar ni da tunani har washegari, kuma masu karatun muryarsu tas, ba tari, ba gargada. Abu guda ne ke damuna: mai karatun bai san wanda ke saurarensa ba. Da muryar da ya karanta cinikin kasuwa zai karanta mutuwar ɗa, ya wuce abinsa. Kwanan baya wani ya kai inda uwa ke ƙwala kiran ɗanta a bakin hanya. Sai na ji ƙafata ta tsaya a kan keken ɗinki, Iya ta faɗo mini a rai.

Iya kakata ce ta wajen uba. Ƙauyenmu yana kusa da Makoda, gona na jingine da gona, in ka yi atishawa maƙwabci ya amsa. Shekarar da ruwa ya ɗauke, rumbuna suka koma wayam, muka dawo cin dusa da ganyen tafasa. Baba ya bi masu ci-rani zuwa kudu. Bayan magariba Iya kan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta ta tara mu, don kada hankalinmu ya kai ga murhun da ba a ɗora komai ba.

"Ku matso, 'yan nan," in ji ta, "ta yau daga nesa ta taho."

Ta kan ba mu labarin wata mata da yunwa ta kora bakin rijiyar da ta ƙafe. Ta leƙa, sai murya daga ƙasa ta ce, "Ba ni suna, in ba ki gero." Ta faɗi sunan akuyarta, ta jawo guga cike da gero. Da ta koma gida babu akuya, kuma babu wanda ya tuna an taɓa yin ta. Haka ta ba da sunan gonarta, ta ba da na maƙwabciyarta, gari yana ta raguwa. Rannan muryar ta ce, "Saura ɗan farinki."

Nan Iya kan bi fuskokinmu da kallo, ta tura kara cikin wuta.

"Ta bayar, Iya?"

"Da wane bakin? Uwa tana faɗin sunan ɗan fari? Ce mata ta yi, wannan ban taɓa furta shi ba, ba ya bakina balle ki karɓa. Rijiya ta yi ta kira. Matar ta tafi da guganta ba ko ƙwaya, amma ɗanta yana nan."

Ita ma Iya ba mu taɓa jin sunan Baba, ɗan farinta, a bakinta ba. Sai dai ta ce uban yaran nan.

Wani dare tana tsakiyar tatsuniyar, Malam Sule, wanda suka tafi kudu tare da Baba, ya yi sallama. Ya tsuguna nesa da wutar.

"Iya, sai haƙuri. Zazzaɓi ne ya kama shi a hanya. Mun yi masa sutura."

Inna, mahaifiyarmu, ta fasa kuka a ɗaki. Iya ta yi salati, ta daɗe tana kallon garwashi. Can ta ce, "Haruna." A hankali, kamar mai ɗanɗana abin da ta daɗe da ɓoyewa. Ta sake cewa, "Haruna." Jin sunan nan ya fi labarin mutuwar tsorata ni. Daga ranar ba ta ƙara yi mana tatsuniya ba.

Da ina yarinya na ɗauka kunya kawai take koya mana. Sai da na haihu na gane tsoronta take faɗa mana, kullum, a gaban wutar nan. Ɗan farina yanzu direban babbar mota ne, rabin rayuwarsa a kan titi. Binta takan yi mini dariya.

"Umma, zamani ya wuce nan. Ki kira Yaya da sunansa mana."

Na san rai a hannun Allah yake, suna bai taɓa tsare kowa ba. Amma in ya bugo daga wani garin da ban sani ba, abin da nake cewa bai wuce, "Kai ne? Ka sauka lafiya?" Sunan yana nan ƙarƙashin harshena, ban ba kowa ba.