Bencin Baba a Kan Kwalta

Kafin a zuba wa layinmu kwalta a Sabon Garin Gusau, babban haɗarin da ke cikinsa shi ne akuya ta shige maka gaban keke. Da aka zuba muka yi murna, har da masu rabon goro. Ba a jima ba direbobin da ke fitowa daga Tsafe za su wajen Bungudu suka gano layin namu yanke ne. Daga nan muka koma baƙi a ƙofar gidajenmu.

Gidanmu yana wannan hannu, na Gwaggo, yayar Baba, yana tsallake, ƙofa na kallon ƙofa. Idonta ya yi rauni, ƙafa ma ta fara ƙi. Tun rasuwar mijinta Baba bai taɓa wucewa gonarsa ta wajen Ruwan Bore ba sai ya tura kekensa ya haye ya gaishe ta, da kwanon koko rataye a hannun keken. Ita ta goye shi yana jariri, kuma ba ta bar shi ya manta ba. In ya makara sai ta ce ai ta san ya girma, ya wuce gaisuwa.

To kwalta ta sa ya fara makara kullum. Zai tsaya a bakin titi da hannu a ɗage kamar mai roƙon ruwa, kokon na hucewa, motoci da 'yan kabu-kabu na wucewa. Na daɗe ina mamakin mutanenmu. Wanda zai cire takalmi ya durƙusa ya gaishe ka a zaure, ya tambayi gajiya da iyali har da dabbobi, da zarar ya riƙe sitiyari ka zama abin da ya tare masa hanya. Ramin titi ma ya fi ka daraja, don shi ana rage masa gudu.

Ba a ce ba a yi ƙoƙari ba. Wata rana wasu ma'aikata suka zo suka ja fararen layuka a kan kwaltar, suka ce nan ne wurin tsallakawar masu ƙafa. Mu aka yi wa bayani, mu da ba mu da mota. Direbobi ba wanda ya gaya musu, ko an gaya musu suka ɗauka ado ne. Daga baya matasan layi suka yi gayya suka tara marmara suka yi tudu a tsakiyar titi don a rage gudu. Tudun ya yi aiki har ranar da ya kankare cikin motar wani Alhaji maƙwabcinmu. Washegari ya sa aka baje shi, yana cewa ana hana unguwa ci gaba. Shi Alhajin masallaci ma da mota yake zuwa, alhali daga ɗakinsa yana jin tarin ladan.

Ana nan sai aka yi rasuwa a layin. Kamar yadda aka saba, aka jera bencina a kan titi, aka shimfiɗa tabarmi, aka ajiye butoci don masu ta'aziyya. Sai ga direbobin nan sun zama mutanen kirki. Kowa ya iso sai ya taka burki, ya ɗaga hannu, ya ce Allah ya jiƙan rai, ya lallaɓa ta gefe ko ya juya. Ba mai hon, ba mai zagi. Ranar Baba ya haye da kokonsa yana tururi, ya dawo, ya sake hayewa ba don komai ba. Na gan shi tsaye yana kallon bencinan nan kamar mai taya saniya a kasuwa.

Bayan an tashi makokin, da safe sai na ji ana jan abu a zaure. Baba ne ya fito da dogon bencinmu ya gicciya shi a rabin titi, ya shimfiɗa tabarma a gefe, ya ajiye buta, ya zauna ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Motar farko ta rage gudu, ta biyu ta tsaya, direban ya leƙo ya yi masa gaisuwar rashi. Baba ya ce amin, ya tashi ya tura kekensa ya haye a tsanake, ya bar ni da janye benci.

Haka aka yi ta yi. 'Yan makaranta suka koyi jiran bencin Baba, haka matan da ke kai niƙa da wani makaho mai zuwa kasuwa. Kunya ta ishe ni, amma gaskiya ni ma a bayansa nake hayewa. Limamin layinmu ya same shi ya ce bai dace a yi wasa da mutuwa ba.

Baba ya ce, "Malam, ni ban ce ma kowa an mutu ba. Zama ni kai ina tasbihi. Su ad da gaugawar jiƙan rai. In sunka ga ni da rai ba su tsayawa, to mi za ni yi?"

Liman ya ce dai a ji tsoron Allah. Da ya tashi tafiya, ta bayan bencin ya haye.

Direba dai ba wawa ba ne, musamman wanda ke bin hanya ɗaya kullum. Suka lura gidan nan kullum cikin rashi yake, kuma mai karɓar gaisuwar bai taɓa ramewa ba. Wasu suka fara dariya suna tambayar yau kuma wa ya tafi. Wasu suka koma danna hon tun daga nesa. Daga ƙarshe bencin ya zama kamar fararen layukan can, ana ganinsa ana kewaye shi da gudu. Koko ya koma hucewa, Gwaggo ta koma gorin girma.

Titin bai samu Baba ba. A kan gadonsa ya rasu wata safiya bayan ɗan zazzaɓi, daidai lokacin da mota ta fi yawa. Aka aika wa Gwaggo, muka fitar da bencina, na gaske wannan karon, muka shiga shirya shi. A wajenmu ba a jinkirta gawa, kuma duk mai son yi mata addu'ar sallama cikin mata sai ta iso kafin a fita da ita. Da na leƙo waje na hango Gwaggo a tsallake, surukarta riƙe da hannunta, ɗaya hannun a ɗage. Sun sa ƙafa a kwalta sun janye ban san sau nawa ba. Motoci na ta kewaye bencinan kamar kullum.

Na nufi wajenta ke nan wani ɗan kabu-kabu ya ture benci ɗaya da ƙafa, ya dube ni yana dariya.

"Ku gaya ma tsohon ga mun gane shi. Yau kuma wa yam mutu?"

Na ce, "Shi."

Bai ji ba, ya riga ya wuce. Ni kuwa sai ga ni tsaye a bakin titi da hannu a ɗage, ina kallon Gwaggo tana kallon inda take jin muryata. Raina bai taɓa ɓaci kamar na ranar ba.

Sai da aka fito da makara titin ya yi tsit. Nan take kowa ya taka burki, aka kashe injina, hannuwa suka fito ta tagogi ana Allah ya jiƙan rai. Gwaggo ta sauko kwalta a hankali, ba mai matsa mata. A tsakiyar titin suka haɗu, kusa da fararen layukan da suka koɗe. Masu ɗauka suka dakata, ta lalubo gefen tabarmar da aka rufe shi da ita ta dafa.

Ta ce, "Yau ma kai kat tare mini motoci."

Aka wuce da shi. Kafin ta ƙarasa hayewa wani a baya ya danna hon.