Mai ɗaga ƙarfe ya zo gaisuwa

Waɗanda ke wurin ran nan: ni, da ƙanen mijina marigayi, da ɗana, da jikata mai koyarwa a lakol, makarantar boko, a Agiye, sai saurayin da ke nemanta. Ɗana ya ce ba zai ba da ita ba sai na yarda.

Sai da saurayin ya karkace kafin ƙofa ta ɗauke shi. An ce ƙarfe yake ɗagawa safe da yamma, ba don a kai ƙarfen ko'ina ba. Da ya tsuguna gaishe ni, gwiwarsa ta ce ƙas. Na ji.

Aka kawo tuwo. Ya cinye nasa, ya cinye ragowar ɗana, ya ciro dafaffen ƙwai daga aljihu.

Na ce, "Angona, yunwa ake yi a gidanku?"

Ya ce, "Kaka, jiki ne ke nema. In ban ci ba sai ya zube."

"Ya zube ina?"

Jikata ta ce, "Haba Kaka, lafiya ce fa."

Na san irin wannan lafiya. Kakanta, mijina, ɗan kokawa ne. Bayan girbi gari duka ke ciyar da shi, fura da nono da nama, don ya kayar da 'yan Gangara. Ya kuwa kayar da su. Da ya bar fage, ci bai bar shi ba. Gemunsa bai yi furfura ba muka rasa shi, masu ɗaukar makara suna ta karɓar juna. Ni kaɗai na reni yaran. Ban so wa jikata haka ba.

Ƙanen mijina, wanda iska ma ke iya turewa, ya ce, "Kwana na Allah ne."

Na ce, "Na Allah ne. Amma kai da rabin ƙwarya ka kawo yau."

Saurayin ya ce likita ya auna shi, zuciyarsa lau. Na tambaye shi ko likitan ne zai yi takaba. Ba wanda ya yi dariya sai jikata.

Da za a tashi, ƙanen mijina ya kasa miƙewa. Saurayin ya ɗaga shi a hankali, ya saka masa takalma, bai duba ko ana kallonsa ba. Ina kallo.

Washegari na aika wa ɗana cewa na yarda. Na hau kabu-kabu zuwa Gazawa da babbar tukunyar da na saya wa jikata ta kayan ɗaki, na canzo ƙarama.